Kafin Ka Taɓa Ƙasar Mutane



Mahaifiyarka ta gaya mini takardar da kake jira daga Ingila ta iso, an ba ka gurbi cikin masu aikin sa-kai da za su yi tonon kayan tarihi a Vindolanda idan lokacin zafinsu ya kama. So ta yi in tsawata maka. Ta kasa gane dalilin da yaro zai tara kuɗin jirgi, ya biya na biza, ya kuma biya masu wurin, duk don a miƙa masa cokalin magina ya durƙusa cikin taɓo. Na kuma ji abin da ake faɗa a majalisar bayan la'asar a nan Zariya. Wani ya ce ƙasar Tudun Jukun ce ta ƙare da sai an je ta Turawa? Wani ya ce ai zinariya ake nema, ɓoye mana kawai ake yi. Ban ga laifinsu ba, don wanda bai san aikin ba abin da idonsa zai nuna masa ke nan, ɗan jami'a da diga da kwanon sarki. Ni dai ba zan hana ka ba. Amma irin wannan tafiya mutum kan je ya dawo da waya cike da hotuna, kai kuwa wayam. Saboda haka zauna in gaya maka abin da nake so ka je ka ɗauko.

Fara da sanin inda za ka. Vindolanda sansanin sojan Rumawa ne a arewacin Ingila, ɗan kudu kaɗan da ganuwar da sarkinsu Hadrian ya sa aka fara ginawa a shekara ta 122 Miladiyya, wadda ta ratsa ƙasar daga gabas zuwa yamma, kimanin kilomita 117. Sansanin ya girmi ganuwar, don tun wajen shekara ta 85 aka kafa na farko da katako da ƙasa. Duk sa'ad da za a sabunta shi, sai a rushe tsohon, a daddaɓe kansa da yumɓu da ciyawa, a ɗora sabo, har aka yi tara, wani bisa wani. Wannan daɓen shi ne arzikin wurin. Ya toshe iska, ƙasar kuma jiƙaƙƙiya ce, abin da iska ba ta kai gare shi ba kuwa ba ya saurin ruɓewa. Shi ya sa suke fito da takalman fata dubbai, na maza da na mata har da na jarirai, da tsummoki, da matajin kai na katako, kayan da a nan gara ba za ta bari su ga damina biyu ba.

A 1973 Robin Birley, wanda ke jagorantar tonon, ya ci karo da wasu siraran katako biyu manne da juna a cikin laka. Ya ɗauka sassaƙen kafinta ne. Da aka ɓamɓare su sai ga rubutun tawada. Kafin a kai su ga wanda zai iya karantawa, iska ta buge su sun yi baƙi ƙirin, rubutun ya ɓace wa ido, sai da aka ɗauki hotonsu da wani haske na musamman sannan ya sake bayyana. Daga baya aka samu irinsu ɗaruruwa. Akwai wasiƙar da aka aika wa wani soja ana sanar da shi an turo masa safa da takalma da kamfai. Akwai wadda matar wani kwamanda, Claudia Severa, ta aika wa ƙawarta Sulpicia Lepidina wajen shekara ta 100, tana gayyatarta walimar ranar haihuwarta, ta kuma ƙara gaisuwa a ƙarshe da hannunta, har ana lissafa wannan gaisuwa cikin mafi daɗewar rubutun mace da harshen Latin da aka sani.

Kowa ya ji labarin nan wasiƙar matar yake riƙewa. Ni baƙin da allunan suka yi nake so ka riƙe. Abu ya kwana kusan shekara 1,900 lafiya lau a cikin ƙasa, sa'o'i kaɗan a hannun ɗan Adam suka kusa hallaka shi. Malamanka na jami'a a Samaru sun gaya maka, ni ma zan maimaita: tono rushewa ne. Likita idan ya yi shakka yana iya sake ɗibar jini. Mai karatun tsohon kundi yana iya komawa warƙar da ya wuce. Kai kuwa shimfiɗar ƙasar da ka kankare ta tafi ke nan, babu mai mayar da ita har tashin alƙiyama. Abin da zai rage wa na baya shi ne abin da ka rubuta, da abin da ka zana, da lambar da ka sa a jikin leda. Za a ba ka takardar da ake cikewa ga kowace shimfiɗa: launin ƙasar, yashi ce ko laka, me ke bisanta, me ke ƙarƙashinta, wane rami ne ya yanke ta. A wannan shekarar ta 1973 ɗin dai wani mai suna Edward Harris ya tsara yadda ake jera shimfiɗun nan a zane guda don a ga wadda ta riga wata, kuma da tsarinsa ake aiki a wurare da yawa har yau. Na san aikin gundura ne. Yaro so yake ya ji cokalinsa ya ce ƙwas a jikin tagulla, a taru a kansa ana ɗaukar hoto. Amma tagullar nan ko ba kai ba wani zai same ta gobe, tunda tana nan. Bayanin inda take kwance kuwa, in ka yi sakaci da shi yau, ya ɓace tare da kai.

Ɗauki misalin gawayi. Tun ƙarshen shekarun 1940 wani masani a Amurka, Willard Libby, ya gano hanyar ƙidaya shekarun abin da ya taɓa rayuwa. Duk mai rai, itace ko dabba, yana ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon da ke fara raguwa daga ranar mutuwarsa, rabinsa kan tafi cikin shekara 5,730. Da haka ake auna gawayi da ƙashi da ƙwayar hatsin da ta ƙone. To amma na'ura shekarun gawayin kaɗai za ta faɗa maka, ba ta san daga ina ka ɗauko shi ba. In ya gangaro ne ta ramin ɓera daga shimfiɗar sama, kai kuma ka rubuta shi a ta ƙasa don ba ka duba ba, to ka haifi ƙarya mai lamba. Ita kuwa ta fi ƙaryar baki wuyar kamawa, don bugawa za a yi a littafi, malamai su koyar, ɗalibai su haddace su ci jarrabawa da ita. Saboda haka ranar da hannunka ya zarce ka fasa daɓen da ya kamata ka tsaya a kansa, ko ka haɗa tsingaron shimfiɗa biyu a leda ɗaya, je ka gaya wa mai kula da ramin nan take. Kada ka shafe wurin da tafin hannu ka yi shiru. Babu mai tonon da hakan bai taɓa faruwa da shi ba, kuma za su fi yarda da kai bayan ka faɗa. Wannan ita ce amanar da ake karanta mana a makarantar allo, sai dai a nan masu haƙƙin sun mutu tuntuni, wasunsu kuma ba a haife su ba tukuna, babu wanda zai kai ƙararka.

Dalilin da ya sa na daɗe a kan wannan batu yana nan kudu da mu, cikin jiharmu ta Kaduna. A 1928 masu haƙar kuza suka fito da wani ɗan mutum-mutumin yumɓu a kusa da ƙauyen Nok. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg a Jos wani kan mutum na gasasshen yumɓu da aka samu a wajen Jama'a, wanda ma'aikacin da ya tsince shi ya kafa a gonar doyarsa yana korar ɓarna da shi. Fagg ya lura hannun da ya yi wannan ya yi kama da na wancan, daga nan sunan Nok ya shiga duniya, shi ne kuma ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. A tonon da ya yi a Taruga cikin shekarun 1960 aka ga tanderun narka tama da suka haura shekara dubu biyu. Sai kasuwa ta ji ƙamshi. Dillalai suka riƙa ba mutanen ƙauye 'yan kuɗi suna farke ƙasa dare da rana, a kwashi kawunan, a watsar da sauran. A shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Nok da na Sakkwato da na Katsina cikin jerin kayan Afirka da ake gargaɗin kada kowa ya saya. A shekarar nan kuma aka baje wasu daga cikinsu a gidan tarihi na Louvre a Faris, aka yi ta cece-ku-ce, har a 2002 Faransa ta amince mallakar Najeriya ne, amma aka bar mata su aro na shekara 25.

Ka je ka kalli irin waɗannan kawuna a bayan gilashi. Suna da kyau, babu musu. Amma tambaye su a gida aka ajiye su ko a kushewa, wa ya yi su, me yake ci, ba za su amsa ba, don wanda ya tono su ya zubar da amsar tare da ƙasar. Da masana daga jami'ar Goethe ta Frankfurt, ƙarƙashin Peter Breunig, suka fara aiki a yankin wajen 2005 tare da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da jami'o'inmu, wurare da yawa sun tarar an riga an yi musu kaca-kaca. Ɗan abin da ya tsira, da rariya da haƙuri suka bi shi. Daga ƙonannun ƙwayoyin da ɓarawo ba zai ko kalla ba aka gane mutanen Nok gero suke nomawa, suna cin wake da atili, kuma zamansu a wurin ya faro tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Aka gane cewa yawancin mutum-mutumin a farfashe aka binne su cikin ramuka. A 2021 aka buga sakamakon awon da aka yi wa tsingaronsu a jami'ar Bristol, aka samu alamar kakin zuma a jiki, shaidar cewa shekara 3,500 da suka wuce ana ɗibar zuma a ƙasar Kaduna. A wurina tsingaron nan mai kakin zuma ya fi kan da ke Faris daraja, ko da yake babu dillalin da zai ba ka sisi a kansa.

Sai batun mutanen da za ka yi aiki da su. A can babu lebura. Kai ne mai diga, kai ne mai shebur, kai ne mai tura baro zuwa tudun ƙasa, da yamma kuma ka zauna da burushi kana wanke tsingaro cikin ruwan sanyi. Za ka ga tsofaffi sa'o'ina, 'yan fansho, mata da maza, sun durƙusa kusa da kai, wasu sun daɗe suna zuwa duk shekara, idonsu ya san bambancin ƙasa da ƙasa fiye da mai digiri. Mai kula da raminka ma wataƙila mace ce da ba ta girme ka da yawa ba. Ka bi umarninta ba tare da ɗaure fuska ba. Kada ka taka gefen rami, kada ka zauna a kansa, kada ka tumɓuke abin da ka ga ya leƙo, bi shi a hankali ka kira a gani. In ba ka gane ba ka tambaya, in an yi maka gyara ka gode.

Ina so wannan ya bi ka gida, don akwai wata ɗabi'a tamu da ba na so. Da zarar yaro ya sa ƙafa a jami'a sai ya ga hannunsa ya fi ƙarfin ƙasa. A fili sai ka gan shi tsaye da littafi da hular rana, mutanen ƙauye na ciki suna haƙa, ko sunansu bai tambaya ba. Alhali manomin nan ya san inda garmarsa ke fito da kashin maƙera, ya san tudun da kakanninsa suka ce kufai ne, ya san ƙasar da aka taɓa juyawa daga wadda ba a taɓa ba da jin ƙarar fartanya kawai. Ka tuna kwalekwalen Dufuna a jihar Yobe. Wani Bafulatani makiyayi ne yana haƙa rijiya a 1987 ya ci karo da itace a zurfin kusan mita biyar. Da ya ga dama da ya sare ya wuce, ruwa yake nema. Sai ya tsaya, ya kai labari. A 1994 masana daga jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka fito da shi, tsawonsa ya haura mita takwas, shekarunsa wajen 8,000, babu kwalekwalen da ya girme shi a Afirka cikin waɗanda aka sani. Duk takardun da aka rubuta a kansa, a kan tsayawar da makiyayin nan ya yi aka ɗora su.

Akwai abin da mahaifiyarka ba ta furta ba amma na san shi ke cin ta, wato kushewa. Tana tsoron a mai da ɗanta mai tone matattu. Sansanin soja za ka, ba maƙabarta ba, galibin abin da za ka gani ƙashin shanu ne da na aladu da sojoji suka ci suka zubar. Amma ƙasa ba ta yin alkawari. A 2010 a Vindolanda ɗin nan an tarar da ƙasusuwan wani yaro a ƙarƙashin daɓen ɗakin kwanan sojoji, inda dokar Rumawa ba ta yarda a binne kowa ba, har ana zaton ɓoye shi aka yi. In irin haka ta faru a gabanka, su ma suna da doka, ba a ɗaga ƙashin mutum sai da izinin hukuma. Kai kuma kana da taka. Addininmu ya ba mamaci alfarma kamar yadda ya ba mai rai, bai ce sai Musulmi ba. Kada ka ɗauki hoto da ƙoƙon kan mutum kana dariya, ko da kowa na yi. Kada ka sa shi a waya ka watsa. In zuciyarka ba ta natsu da taɓawa ba, ka faɗa cikin ladabi a canza maka wuri, ba za su ƙi ba. Kafin ka tashi kuma ka je wurin malaminka na zaure a cikin birni ka zayyana masa aikin yadda yake, ka ji abin da zai ce, don ni ba mufti ba ne. Iyakar abin da na sani, Alƙur'ani ya yi ta kiranmu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen na gabanmu ya kasance, kuma ban ga wanda ya fi mai tonon kufai damar yin wannan duban ba, in ya yi shi da tsoron Allah.

Sauran na hanya ba zan tsawaita ba. Abin da suke kira lokacin zafi, a wurinka hunturu ne mai ruwa, ka nemi rigar ruwa da takalmi mai tauri da safa mai kauri, ka sa takalmin ka yi yawo da shi a nan kafin ka tafi don kada ya ci maka ƙafa a can. A watan Yuni rana kan kai kusan ƙarfe goma na dare ba ta faɗi ba, ta kuma fito kafin biyar, ka nemi jadawalin sallar masallaci mafi kusa tun kana gida. Azahar za ta same ka a bakin aiki, ka gaya wa mai kula da kai tun ranar farko, da wuya a hana ka. Bayan an tashi za su ce a je mashaya, a nan suke hirarsu. Ba sai ka yi musu wa'azi ba, ba kuma sai ka bi su ba, hirar da ta fi amfani ana yin ta lokacin shan shayin rana. Kuɗi kuwa, duk wanda ya ce ka turo masa ya nemo maka gurbi ko biza ta bayan fage, ka guje shi, da masu wurin kai tsaye ake magana. Ranar da bizarka ta ce ka fito, ka fito. Na san za a samu masu raɗa maka cewa wanda ya shiga ba ya dawowa. In ka bi su ka rufe ƙofar a kan ƙannenka na sashenku a jami'a, mata da maza, da za su nema bayanka, ka kuma ba majalisar la'asar gaskiya.

Za su tambaye ka daga ina kake, akwai abin tonowa a ƙasarku? Kada ka sunkuyar da kai, kada kuma ka cika baki da abin da ba ka da hujjarsa. Faɗa musu kai ma ɗan bakin ganuwa ne. Gaya musu dutsen Kufena, da ramukan niƙa da ke kan duwatsunsa, da ragowar ganuwar da ta kewaye shi. Gaya musu Turunku, inda labarin baka ya ce daga nan Bakwa ta fito kafin sarauta ta dawo Zariya a ƙarni na 16, ka kuma bambanta musu abin da baka ta faɗa da abin da ƙasa ta nuna, don ba kullum suke haɗuwa ba, har kan sarauniya Amina kanta masana ba su daidaita a zamaninta ba. Gaya musu John Sutton, ɗan ƙasarsu, ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello cikin shekarun 1970, shi da ɗalibansa suka tono wuraren narka tama a yammacin Samaru da suka haura shekara dubu, ya kuma rubuta a 1979 cewa tarihin ƙasar Hausa ya fi labarin Bayajida zurfi. Gaya musu Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina, inda tonon 1992 ya fito da zinariya da awarwaron hauren giwa da wuri da kwanon ƙarfe da ya ƙetaro Sahara. In hira ta yi daɗi ka tuna musu cewa ganuwar tasu ma ta ga 'yan Afirka: sarkin Rum Septimius Severus a Libiya ta yau aka haife shi, a York ya mutu a 211 yana yaƙin arewa, akwai kuma rundunar mutanen Magrib da ta yi tsaro a yammacin ganuwar.

Yanzu ga amsar mai cewa ƙasar Tudun Jukun ce ta ƙare. Ba ta ƙare ba, shiga wani sashenta ne ya yi wuya. A Fabrairun 2017 'yan bindiga suka sace Breunig da wani abokin aikinsa a kusa da Janjala, ƙaramar hukumar Kagarko, suka kashe mutum biyu na ƙauyen da suka bi sawu don ceto su. Allah ya jiƙansu. An sako Jamusawan bayan 'yan kwanaki, amma aikin fili a wurin ya tsaya, ka kuma san yadda dazuzzukanmu suka zama tun daga nan. Ɗalibi yana iya gama sashenku bai durƙusa a rami ya yi makonni a jere ba, alhali hannu ba ya koyon wannan aiki daga allo. In ka samu inda za ka horar da shi cikin kwanciyar hankali, ka je.

Amma ka sani abin da za ka gani a can ba duka zai ɗauku zuwa nan ba. Suna da na'urar auna wuri da tauraron ɗan Adam, da ɗakin gwaji a gefen ramin, da masu ziyara da ke biyan kuɗin shiga duk shekara. Kada ka dawo kana cewa ba a iya komai sai da su. Igiya da ƙusa da tef da fensir da takarda mai layi-layi sun isa a zana gefen rami daidai, su ne kuma nake so ka ƙware a kai. Ƙasarsu baƙa ce mai ruwa, tamu ja ce mai tauri, da rani sai an yayyafa ruwa kafin a ga bambancin shimfiɗa, gara da saiwa sun gauraya ta, saboda haka idonka zai sake koyo in ka dawo. Aikin kuwa ba sai ka shiga daji ba. Bi ganuwar Zariya da ƙafa daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Tukur-Tukur, ka juya ta Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan, ka ga inda aka ɗebe ta aka yi tubali, inda aka yanka ta aka yi fuloti, inda ta zama juji. Kullum ana haƙa harsashin gini da masai da kwalbati a cikin birni da kewayensa, kowane rami kuwa yana buɗe shimfiɗun da ba wanda ya rubuta, a zuba kankare a rufe. Lokacin da nake koyarwa na sha tsayawa a bakin irin waɗannan ramuka ina kallon layin toka da tsingaro a jikin bango, ba ni da ilimin da zan karanta su. Kai za ka samu. Doka ba ta ba ka damar yin tono da kanka ba, tun 1979 izinin wannan yana hannun hukumar gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa, kuma daidai ne. Amma babu dokar da ta hana ka gai da mai gini, ka roƙi rabin sa'a, ka auna, ka zana, ka ɗauki hoto da ma'auni a gefe, ka kai wa malamanka. Ka fara da gaida mai unguwa, don in bai san da kai ba cewa za a yi gwamnati ce ta aiko ka ƙwace fili.

Ka sayi littafin rubutu mai bango mai tauri a Tudun Wada kafin ka tafi, ban da wanda za su ba ka, don nasu a can zai tsaya. Kowane dare ka rubuta abin da ka yi da abin da aka gyara maka, da Hausa, yadda in ka dawo za ka iya tsayawa gaban 'yan makarantar Barewa ko Alhudahuda ka yi musu bayani su gane. Ka kuma yi mini tambaya ɗaya wurin masu kula da kayan da aka tono: jiƙaƙƙen itace da fata, daga sa'ar da suka fito daga laka, me ake zuba musu, cikin me ake ajiye su, tsawon wane lokaci, kuma wanne daga ciki za a iya yi a garin da wuta ba ta tsayawa. Ka rubuto sunayen magungunan daidai, da awonsu.

Jibi in Allah ya kai mu ka biyo da fasfo ɗin da takardar, mu je tare wurin mahaifiyarka.